Kazar Silki: Mai Juriya Ce, Ko 'Yar Lele?

Wanda bai taɓa ganin kazar silki ba, ranar da ya fara haɗuwa da ita sai ya ɗan tsaya ya tabbatar kaza ce. Gashinta buzu-buzu ne, mai laushi, ba ya kwanciya a jiki. Tana da tukku a ka wanda wani lokaci har ido yake rufe mata, gashi ya sauko mata har yatsu, yatsun kuma biyar-biyar ne, alhali yawancin kaji huɗu gare su. Fatar kunnenta shuɗiya ce. In ka buɗa gashin ka leƙa, fatar jikinta baƙa ce, haka namanta, haka ƙashinta.

Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa asalinta ƙasar Sin ne, kuma har gobe gundumar Taihe ta lardin Jiangxi tana tinƙaho da ita. Marko Polo, matafiyin nan ɗan Italiya da ya zaga Sin a ƙarni na 13, ya ba da labarin wasu kaji masu gashi irin na kyanwa. Da ta isa Turai, an ce wasu 'yan kasuwa a Holan sun riƙa gaya wa masu saye wai zomo da kaza ne suka haife ta. A 1874 ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta sa ta cikin kundin irin kajin da ta amince da su. Yau ga ta a manyan biranenmu, masu kiwon tsuntsayen ado suna tallarta a Facebook da WhatsApp, a kan kuɗin da ya ninka na kazar gida.

Duk inda ta je, gardama ɗaya ce ke biye da ita. Wasu sun ce kaza ce mai juriya, kyan ganinta ne kawai ke sa a raina ta. Wasu sun ce 'yar lele ce, ranar da ka kau da kai ranar za ka yi asara. Mu da muke da hunturu, bazara na biye, damina na bayanta, ya kamata mu saurari ɓangarorin biyu kafin wani ya zuba kuɗinsa.

Masu son ta: sanyi ba ya kashe ta

Hujjarsu ta farko daga jikin kazar take. Zafin jikin kaza yana kai digiri 41 a ma'aunin salshiyas, ya ɗara na mutum da kusan huɗu. Babbar kaza mai lafiya, wadda ta ci ta ƙoshi, ita ke ɗumama kanta, aikin gashi shi ne ya riƙe wannan ɗumin kada ya tsere. Silki kuwa ba ta rasa gashi ba.

Ta biyu, zanko. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, irin su Kanada da arewacin Amurka, abin da sanyi ke fara ci a jikin kaza shi ne dogon zanko da naman da ke reto a ƙarƙashin baki. Sai su yi baƙi, wani lokaci gefensu ya guntule. Zankon silki ɗan dunƙule ne, manne da kai, ga tukku a bayansa, saboda haka sanyi bai cika samun abin kamawa ba. Ta uku kuma halinta ne. Da yake ba ta iya tashi sama, ba ta kwana a kan itace can bisa kamar sauran kaji. Sukan taru a lungu ɗaya su cusa jiki da juna, ɗumin wannan ya isa waccan.

Masu wannan ra'ayi suna nuni da masu kiwo da dama a waɗancan ƙasashe da ke fitar da silki daga watannin ƙanƙara ba tare da sun kunna mata komai ba, in dai akurkin a bushe yake. Sai su ce to ina ga hunturun Kano, wanda da dare yakan sauko wajen digiri 12 ko 13? Ko Jos ma da ake jin tsoron sanyinta, in ya yi tsanani ƙasa da 10 yake ɗan sauka. A wurinsu wannan ba abin tayar da hankali ba ne.

Masu adawa: ku duba gashin da kyau

Waɗannan sun ce an kalli yawan gashin, an manta da irinsa. Gashin kaza na yau da kullum, kowane sili nasa yana da wasu 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke sarƙe da na silin da ke kusa, har gashin ya zama shafi guda. Shi ya sa ruwa ke zamewa a bayan kazar gida, ta karkaɗe jiki ta ci gaba da tono. Gashin silki ba shi da ƙugiyoyin da ke kamawa. Kowane sili zaman kansa yake yi, kuma wannan ne sirrin laushin da ake yabo. Shi ne kuma ya hana ta tashi, ya bar iska tana ratsa ta, ya bar ruwa yana kaiwa har fata. Kamar rigar sanyi ce ta ulu: a cikin ɗaki babu kamarta, amma in ruwan sama ya same ka da ita, ita za ta ƙara maka sanyin.

Don haka, in ji su, lissafin digiri yaudara ne. Silkin da ta kwana lafiya a bushe cikin tsananin ɗari tana iya mutuwa a daren da bai kai rabin wannan sanyi ba, in ta jiƙe kuma iska na kaɗawa. A ƙasarmu wannan dare ba a Janairu yake ba, a Agusta yake, lokacin da ruwa kan wuni yana sauka, tsakar gida ta zama taɓo. Gashin ƙafar nan da ake sha'awa ya kwashi laka ya daskare, yatsu su yi ciwo, ƙwarin da ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar kaji su sami maɓoya. Kwanan ƙasan da aka kawo a matsayin hujja shi ma yana da nasa sharrin, domin a ƙasa kashi yake, a ƙasa danshi yake, ta ƙasa ɓera da maciji ke zuwa.

Sun ƙara da maganar cuta. Masu kiwon silki sun daɗe da sanin cewa cutar Marek, wadda ke shanye ƙafafu da fukafukan ƙananan kaji, ta fi saurin kama ta fiye da irin kaji da yawa, kuma rigakafinta a ranar ƙyanƙyasa ake yi. Wanda ya sayi tsako ɗan wata biyu a hannun wanda bai yi ba, lokacin da allurar ta fi amfani ya riga ya wuce. Ga kuma cutar Newcastle da ke share kajin unguwa a kowane hunturu. Ita dai da sauƙi, tunda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana sarrafa rigakafinta, amma sai an tuna an ba da shi a kan kari.

A kunna wuta, ko kada a kunna?

A nan ko masu son silki kansu ya rabu. A Amurka wasu kan rataya jan ƙwan lantarki mai wat 250 a akurki, su ce tausayi ne. Wasu su ce wannan tausayin ne ke ƙone akurkai, domin ƙwan lantarki mai zafi, busasshiyar shimfiɗa da ƙurar gashi ba sa zama wuri ɗaya lafiya. Suna kuma cewa kazar da aka saba mata da ɗumi jikinta bai koyi sanyi ba, daren da wuta ta ɗauke shi ne ajalinta. Wannan magana ta ɗaukewar wuta ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wurinmu abin da ake kaiwa akurki kaskon gawayi ne, wanda ya haɗa haɗari biyu: gobara a lokacin da komai ya bushe ƙayau, da iskar guba marar wari da gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki.

Game da 'yan tsaki babu jayayya. In babu uwa, suna bukatar ɗumi kusan digiri 35 a makon farko, ana rage wajen uku kowane mako har gashi ya rufe su. Game da manya kuwa, a nan zan faɗi ra'ayina tun kafin ƙarshe: ban ga dalilin hura wa babbar silki wuta a ko'ina cikin ƙasar Hausa ba. A toshe ɓangaren gabas da arewa, inda iskar hunturu ke fitowa, da zana ko buhu. A bar kafa can sama kusa da rufi, domin tururin numfashi da warin kashi su fita. A zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako da kauri, a riƙa sauyawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a liƙe ko'ina da leda don tsoron sanyi, sai danshi da wari su taru, mura ta biyo baya, a ɗora wa hunturu laifi.

Bazara, inda gardamar ta fi zafi

Yanzu masu adawa ne ke da magana a gaba, kuma hujjarsu mai nauyi ce. Kaza ba ta gumi. In zafi ya dame ta, haki take yi, ta buɗe fukafukai, jini ya kwarara zuwa zanko da naman ƙarƙashin baki da ƙafafu, iska ta ɗebe zafin daga nan. Ta fi sakewa tsakanin digiri 18 da 24. Da an haura 30 sai ci ya ragu, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In aka doshi 40, kaji kan fara faɗuwa. A Sakkwato da Maiduguri kuwa, haura 40 a watan Afrilu ba labari ba ne.

To duba silki da wannan ido. Zankon nan ƙarami da ya cece ta a Kanada, a nan ba shi da faɗin fitar da zafi. Mai gemu daga cikinsu kusan ba ta da naman ƙarƙashin baki. Ƙafafun a rufe suke. Duk ƙofofin da kaza ke sallamar zafi ta cikinsu an rage mata. Sai kuma babban abin tsoro, wato son kwanci. Silki in ta kwanta a kan ƙwai ba ta son tashi, ko ruwa sai ta ga dama. A sa ta a ƙaramin akurki mai rufin kwano da azahar ɗin Afrilu, tana iya mutuwa a kan ƙwan ba ta motsa ba. Masu wannan ra'ayi sukan ce a dubi kajinmu na gida masu wuya ba gashi. Wannan halitta tana rage gashin jikin kaza da kashi ɗaya cikin biyar ko fiye, kuma an tabbatar tana taimaka mata a zafi. Ƙasarmu ragin gashi take so, in ji su, mu kuma mun je mun sayo ƙari.

Masu son ta ba su rasa amsa ba. Sun ce Jiangxi ba ƙasar ƙanƙara ba ce. Lokacin zafinta akwai ranakun da ke haura digiri 35, ga laima, ga ruwan sama mai yawa, kuma a can kazar ta yi ɗaruruwan shekaru. Ana kiwonta a Malesiya da Tailan da Ostareliya. Sun ce ƙaramin jiki ya fi saurin huce zafi, silki kuwa irin wadda ake kiwo a Amurka da kyar zakaranta ke wuce kilo ɗaya. In bazara ta tsananta, kajin gidan gona na nama masu ƙiba ne ke fara zubewa. Har ma sun juya hujjar abokan gardamarsu: gashin da ba ya tare iskar hunturu, ai ba zai tare iskar da za ta sanyaya ta da bazara ba.

Sun kuma ce zafinmu na Maris da farkon Afrilu busasshe ne, kuma a busasshiyar iska haki yana aiki, dabarun ruwa ma suna aiki. A kafa akurki a inuwar darbejiya ko mangwaro. In rufin kwano ne a shimfiɗa masa ciyawa ko zana a bisa. A jiƙa yashi a wani lungu su kwanta a kai, a rataya jiƙaƙƙen buhu ta inda iska ke shigowa. Ruwan sha daga randa, a sauya shi in ya ɗumama, domin kaza kan ƙi ruwa mai ɗumi ko tana jin ƙishi. Abinci da sassafe da kuma bayan la'asar, tunda narkar da abinci kansa yana ƙara zafin jiki. A ɗan rage tukkun da ya rufe ido da almakashi, ta ga inda ruwan yake. Wadda ta fara layi kuma a tsoma ƙafafunta a ruwa mai sanyi a kai ta inuwa. A cikin wannan duka, in ji su, me ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali?

Masu adawa suka ce ba kuɗi ba ne matsalar, mutum ne. Wa ke gida da ƙarfe biyu na rana, kullum, wata biyu cur, yana sauya ruwa? Sa'an nan ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, in hadari ya fara haɗuwa ruwa bai sauka ba, iska kan yi nauyi da laima, jiƙaƙƙen buhu ya daina amfani, haki ma ya rage aiki. Kuma sun kawo wani gyara da nake ganin yana da muhimmanci: kazar Taihe da manomi ke kiwo don miya ba ita ce ake tallatawa a waya ba. Masu gasar ado a Turai da Amurka sun daɗe suna zaɓen mai babban tukku da cikar gashi, kuma irin wannan ce mai saye a birni yake nema. Juriyar kaka ba lalle ta zama ta jika ba.

To, wahalar don me?

Ƙwai dai ba nan take ba. Silki kan yi wajen 100 zuwa 120 a shekara, ƙanana, kuma sai ta kai wata bakwai ko fiye kafin ta fara. Kazar gidan gona kan doshi 300, ta fara tun tana wata biyar. Wanda ke son ƙwai ga Shika Brown da aka samar a cibiyar Shika ta Zariya don yanayinmu. Nama ma sai a hankali. A Sin baƙin naman nan shi ne darajarta, ana dafa shi da citta da busassun 'ya'yan itatuwa a ba mai jego da marar lafiya, har magungunan gargajiya ake haɗawa da shi. A nan kuwa, a ajiye wa baƙo cinyar kaza baƙa ƙirin a kan shinkafa a ga yadda zai kalli mai gida.

Abin da ya rage shi ne kwanci, kuma shi ne babban abin alfaharin masu son ta. Silki uwa ce ta gaske. Takan kwanta a kan ƙwan da ba nata ba, na agwagwa ne ko na zabo, ta ƙyanƙyashe ta rene su. A Ingila masu kiwon tsuntsayen farauta sun daɗe suna amfani da ita da 'ya'yan da ta haɗa da wasu kaji don wannan aiki. Sai aka ce ga mafita ga mai kiwon zabi, tunda dama a ƙarƙashin kaza muke sa ƙwan zabo, ya yi kwana 26 zuwa 28.

Amsar da aka ba su, a ganina, ita ce hujja mafi ƙarfi a duk muhawarar. Bature ya daraja silki don kwanci ne saboda kajinsa na gona an zaɓe su har sun kusa manta kwanci. Kazarmu ta gida ba ta manta ba. Tana kwanci, ta fi silki faɗin jikin rufe ƙwai, tana ganin shirwa tun daga nesa ta yi kururuwa 'ya'ya su ɓuya. Silki da tukku a ido, ba tashi ba gudu, ita kanta abin ɗauka ce. Ƙari a kan haka, zabi da damina suke ƙwai, wato daidai lokacin da silki ba ta son fita waje.

Da aka tankaɗe

Wasu abubuwa sun fito fili. A maganar busasshen sanyi masu son ta sun fi gaskiya, hunturunmu bai kai ya kashe babbar silki mai lafiya da aka tare wa iska ba. A maganar ruwa masu adawa ne da gaskiya, kuma ko masu son ta ba sa musu: silki da sakin kiwo a tsakar gida da damina ba sa haɗuwa. A maganar riba ta ƙwai da nama ma babu abin ja. Wanda ya saye ta, don sha'awa ya saya, ko don ya sayar wa masu sha'awa. Wannan kuma ba laifi ba ne, mutanen da suka daɗe suna kashe kuɗi a kan tattabarun ado ba za su yi wa mai silki dariya ba. Kaza ce mai sanyin hali, yara na ɗaukarta ba ta faɗa, ba ta tsallake katanga ta shiga gidan maƙwabta.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ɓangarorin biyu ba su cika ambata ba. Laushin gashin nan sai tsako ya gaje shi daga uwa da uba duka biyu yake bayyana. In aka haɗa zakaran silki da kazar gida, 'ya'yan farko sukan fito da gashi irin na kowa, mai tare ruwa, sau da yawa da duhun fata da son kwanci. Sai dai wanda ya yi haka ya sami kaza mai amfani, ya rasa abin da ya kai shi saye tun farko.

Inda ban yanke ba shi ne bazara. Hujjar ƙaramin zanko gaskiya ce, hujjar ƙaramin jiki ma gaskiya ce, kuma wadda za ta rinjaya ta dogara da garin da kake, da irin rufin akurkinka, da ko akwai mai zama a gida da rana. Mai kiwo a Jos ko Mambila da mai kiwo a Nguru ko Damagaram ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Na farkon damina zai fi tsoro, na biyun Afrilu da Mayu.

Mai karatu, in har ka ƙudura saye, kada ka fara da garke. Fara da zakara ɗaya da kaji biyu ko uku waɗanda suka riga suka girma, ka gina rumfa mai rufi da busasshiyar ƙasa kafin su iso. Ka tambayi mai sayarwa ko an yi musu rigakafin Marek da na Newcastle, sa'an nan ka tambaye shi a wane gari iyayensu suka yi bazarar bara.